Sakin fezant a Ingila bayan an ja layin mita 500

A watan Fabrairu muke ba da odar tsuntsayen da za a harba a Nuwamba. Gonar da ke ƙyanƙyasa tana son ta ji adadi, ta karɓi kafin alƙalami, tun kafin uwayen su fara saka ƙwai a Afrilu. Sharuɗɗan saki kuwa ba sa bin wannan kalandar. A 2023 sai da aka shiga Mayu masu dazuzzuka da dama suka ji cewa lasisin sakin tsuntsaye da suka dogara da shi ya daina aiki a wurinsu, alhali 'yan tsakinsu na ƙarƙashin fitila. Tun daga nan muka juya tsarin aikinmu: a duba taswira tukuna, a ja igiyar awo, sannan a ɗaga waya a kira gona.

Ga wanda bai san tsuntsun ba, fezant dangin kaza ne, asalinsa Asiya. Namijin yana da jar fuska da koren wuya mai sheƙi da doguwar jela, nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya. Macen ruwan ƙasa ce, in ka hango ta cikin ciyawa sai ka ce fakara ce ta ƙoshi. Farautarsa a Birtaniya ba ta fita daji a nemi abin da Allah ya hore ba ce. Kiwonsa ake yi, a sake shi a Yuli ko Agusta, a ciyar da shi, a harbe shi tsakanin 1 ga Oktoba da 1 ga Fabrairu, ban da ranakun Lahadi da ranar Kirsimeti, kamar yadda dokar 1831 ta tanada. Ƙiyasin masana ya kama daga miliyan 30 da 'yan kai zuwa miliyan 47 a shekara, ban da makwarwa mai jan ƙafa wajen miliyan 10. Yawan nan ne ya jawo shari'a. Ƙungiyar Wild Justice, wadda Chris Packham da Mark Avery da Ruth Tingay suka kafa a 2019, ta kai ma'aikatar muhalli, wato Defra, gaban kotu, tana cewa ana zuba tsuntsaye a gefen wuraren da doka ta kare ba tare da an auna ɓarnar ba. Ma'aikatar ta sake nazari, kuma daga 31 ga Mayu 2021 aka sa fezant da makwarwar a Jadawali na 9 na dokar namun daji ta 1981. Ba a duk faɗin Ingila ba: a cikin wuraren kariya masu matsayin Turai ne, da tazarar mita 500 da ke kewaye da su. A can, saki babu lasisi laifi ne.

Taswirar da muke buɗewa ita ce MAGIC, ta gwamnati a intanet, kyauta. Wuraren iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne komai. Akwai SAC, wanda aka kare saboda tsirrai da yanayin wurin da wasu halittu. Akwai SPA, wanda aka kare saboda tsuntsayen daji. Muna aunawa daga kusurwar shingen saki, wato kewayen ragar da ake zuba tsuntsayen a ciki kafin su fita daji, wadda ta fi kusa da iyaka, ba daga tsakiyarsa ba, ba kuma daga inda mota ke tsayawa ba. Shingenmu babba ya faɗa cikin tazarar wani SAC, ƙaramin kuma cikin tazarar wani SPA. Shinge biyu a gona ɗaya, hanyar doka biyu.

Na SAC ɗin ya shiga ƙarƙashin lasisin bai-ɗaya mai lamba GL43. Ba a cike takardar nema, ba a biyan ko sisi, amma wanda ya saɓa sharaɗi ɗaya tamkar bai da lasisin ne gaba ɗaya. Sharaɗin da ya fi cin mutane shi ne cunkoso: fezant 1,000 a kowace hekta ta shinge idan a cikin tazarar ne, 700 idan a cikin wurin kariyar kansa ne, kuma a can sai da amincewar hukumar kare muhalli ta Natural England a rubuce. Hekta ta shinge aka ce, ba hekta ta daji ba. Wato murabba'in mita 10 ga kowane tsuntsu, ko 14 da ɗoriya.

A nan tsohon lissafi yake yaudara. Masu kula da dazuzzukan farauta sun gaji wata ƙa'ida daga magabata: mita ɗaya na waya ga kowane tsuntsu. Ɗauki shinge mai mita 25 a kowane gefe. Kewayensa mita 100, tsohuwar ƙa'ida ta ce a zuba 100. Amma faɗinsa murabba'in mita 625 ne kacal, cunkoson ya zama 1,600 a hekta, an haura iyaka nesa ba kusa ba. Sai gefen ya kai mita 40 kafin lissafin biyu su haɗu. Namu mita 100 ne a 50, rabin hekta cif, don haka 500 muka yi oda, muka kuma gaya wa gonar kada ta yi mana gyara. Al'adarsu ce su ƙara 'yan kaɗan saboda waɗanda za su mutu a hanya, kuma wannan alherin yana iya tsallakar da mutum layi.

Adadin ba daga sama ya faɗo ba. Cibiyar bincike ta GWCT, wadda ke da kusanci da masu farautar, ta daɗe tana ba da shawarar 1,000, da 700 a tsofaffin dazuzzuka. Wanda ya taɓa shiga shingen da aka cika shekara da shekaru ya san dalili. Ƙasa ta zama fili fetal, kashin tsuntsu ya sauya ta, furannin da ke fitowa a inuwar itatuwa sun ɓace, ciyawa mai ƙaiƙayi ta maye gurbinsu, ƙwai na tsutsa kuma ya taru yana jiran 'yan baɗi.

Ginin shingen kansa bai sauya ba. Ragar waya mai tsawon mita 2, sama a buɗe, ƙasan ragar mai ƙananan idanu a lanƙwaso shi waje kamar santimita 30 a kafe da turaku, don yanyawa in ta zo haƙa ta tarar da waya ƙarƙashin ƙafarta. Saman ragar a bar shi sako-sako yana rinjaya waje. In aka ɗaure shi tamau, tsani aka yi mata. Daga waje, tazarar rabin mita, wayar lantarki layi biyu, ɗaya a santimita 15 daga ƙasa, ɗaya a 30. Muna kunna ta mako biyu kafin tsuntsaye su iso domin yanyawar unguwar ta sha duka tun shingen na wofi. Abin da ke kashe wayar nan kusan kullum ciyawa ce da ta taɓa layin ƙasa bayan ruwan sama, shi ya sa na'urar gwaji ke aljihu kowace safiya. In ta nuna ƙasa da bolt 4,000 sai a bi layin da ƙafa. A jikin ragar ana barin ƙofofin komawa, masu siffar mazurari, da sandunan ƙarfe a tazarar santimita 9: tsuntsu ya wuce, yanyawa ta tsaya. Cikin shingen kashi uku ne, fili mai samun rana, sarƙaƙiya da rassan da aka sare don ɓuya, da ƙananan itatuwan da za su koyi kwana a kai. Duk reshen da ya rataya daga ciki zuwa waje a sare shi.

Kafin motar da ke kawo tsuntsayen ta iso akwai rajista. Da can sai mai tsuntsu 50 ko fiye yake sanar da hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai, APHA. Daga 1 ga Oktoba 2024 ko guda ɗaya gare ka sai ka yi. Muddin tsuntsu na hannunka, kiwo ne, dokar kaji ta hau kansa; ranar da ya fita ya zama na daji. Wannan rabewar tana da amfani a sani, domin murar tsuntsaye in ta ɓulla a wata gona ana shata da'irar kilomita 3 da ta kilomita 10, kuma a cikinsu ba a sakin komai. Lasisinka lafiya lau, shingenka daidai, amma gonar talotalo da ke nesa da kai kilomita 8 ta rufe maka shekara. Ita ma odar ba tabbas gare ta ba: a 2022 cutar ta afka wa yankunan Vendée da Loire-Atlantique na Faransa, inda ƙwai masu yawa ke fitowa, wasu dazuzzukan ba su sami ko tsuntsu ɗaya ba.

'Yan mako bakwai muke karɓa, da sassafe, ranar da ba a sa ran ruwa. Tsuntsun da ya jiƙe a darensa na farko a waje, bai taɓa kwana babu rufi ba, da wuya ya ga safiya. Muna buɗe akwati biyu ko uku mu duba da hannu: ƙirji cike, ido garau, bayansa da gashi, gindi a bushe. A tabbatar an cire ɗan zoben robar da ake maƙala musu a baki a gona don hana tsigar juna, kuma an datse dogayen gashin fiffike ɗaya kawai. Datsewar tana riƙe su mako biyu zuwa huɗu kafin sabon gashi ya fito su fara tsallake raga. Ana ajiye akwatunan a gindin sarƙaƙiya kusa da ruwa, a zare ƙofa, a ja da baya a yi shiru. Wanda ya girgiza akwati don ya yi sauri zai ga sun watse sun bi jikin raga suna zagaye har su gaji, ba su sha ruwa ba.

Ruwa ya fi abinci muhimmanci a kwana ukun farko. Irin mazubin da suka saba da shi a gona shi za a sa, a kuma baza shi har jikin raga inda masu tsoro ke maƙalewa. Abinci ma haka, felet ɗin, wato dunƙulallen abincin kaji, da suke ci a can, mai furotin sama da kashi 20 cikin ɗari. Alkama sai sun kai mako 12 ko fiye, a riƙa gauraya ta kaɗan kaɗan cikin kwana goma. Mai son rage kuɗi ya juya su kan alkama da wuri zai gani a Nuwamba, jela guntuwa, tashi ba ƙarfi.

Cututtuka uku ne ke zuwa a makonnin nan, kuma kowace da alamarta. Tsutsar maƙogwaro tana shiga ta hanyar tana da dodon koɗi. Za ka ji tsuntsu na atishawa yana miƙa wuya yana hangame baki, musamman da yamma in an yi tsit. Maganinta flubendazole ne a cikin abinci kwana bakwai, a maimaita bayan kamar mako uku, domin ƙasar shingen tana sake harba musu. Sai zawo mai kumfa ruwan ɗorawa, wanda ke rame tsuntsu har ƙashin ƙirjinsa ya zama kamar wuƙa. Damuwa da ruwa mai datti da laka a gindin mazubi ne ke kawo shi, don haka muna matsar da mazuban kowane 'yan kwanaki. Na ukun kashin jini ne, irin wanda duk mai kiwon kaji ya sani. Gawa biyu ko uku a rana ɗaya ba abin jira ba ne, a kai wa likita masu rai da suka fara lanƙwasa, ba waɗanda suka kwana a mace ba. In kuwa mutuwar ta zo da yawa farat ɗaya, doka ta wajabta a sanar da APHA.

Cikin wata ɗaya da saki, duk wanda ya saki 50 ko fiye a ƙarƙashin GL43 sai ya aika wa Natural England adadi, da cunkoso a hekta, da lambar taswira ta wurin. Aikin minti goma ne, kuma shi aka fi mantawa, don yana faɗowa daidai lokacin da tsuntsaye suka fara fita kowa na bin su.

Akwai wani sharaɗin da ba shi da adadi, amma shi ya fi sauya mana aiki: kada abin da kake yi a cikin tazarar ya ja tsuntsaye zuwa wurin kariyar. Fezant mai yawo ne, yana bin shingen gona da bakin rafi da hasken rana, ya yi nisa kafin azahar. Duk durorin alkama da layukan karan da muke watsa hatsi a kai mun mayar da su ɓangaren da ya ba SAC ɗin baya, haka ma gonar masarar da ake shukawa don su fake. Safe da yamma mutum ɗaya da kare yana bin iyakar yana koro su gida, daga Agusta har Oktoba. Ciyarwa a lokaci ɗaya kullum, da fito iri ɗaya, tana riƙe su fiye da kowace waya. Duk da haka, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saki ne ke shiga jaka. Sauran na yanyawa ne da mota da maƙwabta.

Ƙaramin shingen, na gefen SPA, shi ne mai wuyar sha'ani. A 2023 aka cire irin waɗannan wurare daga GL43 saboda tsoron kada tsuntsayen da aka saki su zama gadar da murar za ta bi ta kai ga na daji. A 2024 aka fito da wani lasisin bai-ɗaya, GL45, ga wasu daga cikinsu. A 2025 ba a sabunta shi ba, kowa ya koma neman lasisin kansa. Irin wannan lasisin kan zo da sharaɗin likita ya duba tsuntsaye cikin awa 24 kafin saki, da wankin takalma da na mota, wani lokaci kuma da ranar da ba za a saki kafinta ba. Ranar nan ce ke karya lissafi. Ɗan mako bakwai da aka saki a tsakiyar Yuli ya kai mako 22 a farkon Nuwamba, gashinsa ya cika, ya san dajin. Wanda aka saki 1 ga Satumba ba zai kai mako 20 ba sai farkon Disamba, ga sanyi da ruwa sun same shi yana ƙarami, wata biyu kacal ya rage a kakar. A riƙe shi a keji ya girma kuwa, tsigar juna da kuɗin felet su cinye ribar. Da muka auna, sai muka tumɓuke turakun muka mayar da shingen wani kurmi da ke bayan layin mita 500. Aikin kwana huɗu ne na mutum uku. A ganinmu duk mai ƙaramin daji da ke da wurin matsawa, matsawar ta fi masa. Manyan da dukan filinsu ke cikin layin ba su da wannan zaɓin.

Mutane kan tambaya ko layin zai tsaya a nan. Wales ta riga ta nuna inda ake iya dosa. A 2023 hukumar albarkatun ƙasarta ta nemi jin ra'ayin jama'a kan a sa lasisi ga kowane saki a faɗin ƙasar, na bai-ɗaya ga wanda ke nesa da wurare masu rauni, da adadin nan dai na 1,000 da 700, na musamman ga wanda ke kusa. Amsoshi sama da 40,000 suka shigo. Wanda ya riga ya gyara shingensa kan wannan awon ba abin da zai rushe in irin tsarin ya iso Ingila, shi ya sa sabon shingen namu ma, da ke wajen layi, muka yi shi a kan murabba'in mita 10.

Tsaron tsuntsayen ma yana sauyawa. Tarkon zarge na waya, wanda aka daɗe ana kama yanyawa da shi a watannin da amfanin gona ya yi tsawo bindiga ba ta ganin komai, Wales ta haramta shi a Oktoba 2023, Scotland a Nuwamba 2024, gwamnati kuma ta ce Ingila na tafe. Abin da zai rage shi ne harbin dare da wayar lantarki, wato ƙarin awoyi. Shaho da mujiya kuwa doka ta kare su ɗari bisa ɗari. Maganinsu rassa ne a zube a filin shinge da tsummoki masu ƙyalli a rataye, kuma ɓarnarsu takan ragu da zarar tsuntsayen sun yi nauyi.

Sai harsashi. A Fabrairu 2020 ƙungiyoyin farauta tara suka yi kira a bar dalma da son rai cikin shekara biyar. Shekarun suka cika, yawancin fezant da ke kasuwa da dalma aka harbe su. A Yuli 2025 gwamnati ta sanar za ta haramta, da wa'adin shekara uku na sauyawa. Ƙarfen da ke maye gurbinta bai kai dalma nauyi ba, kusan 7.8 ne a kan 11.3, don haka ana ƙara girman ƙwaya mataki biyu, mai harbi da lamba 6 ya koma lamba 4, a kuma rage nisan harbi. Matsewar bakin bindiga kada ta wuce rabi. Harsashin ƙarfe mai ƙarfi na musamman sai bindigar da ke ɗauke da hatimin gwaji mai siffar fure, irin wanda gidajen gwaji na Landan da Birmingham ke bugawa. Tsofaffin bindigogi masu siririn bututu a kai wa maƙeri ya auna kafin a sa musu komai. Wasu sai harsashin bismut, wani ƙarfe mai laushi, mai tsadar gaske. Mai dafawa ma a gaya masa, ƙwayar ƙarfe ba ta lotsewa a ƙarƙashin haƙori.

Zomon daji, babban nan mai dogayen kunnuwa da ba ya haƙa rami, shi ne abu na gaba a layi. A Ingila ba shi da lokacin hutu. Dokar 1892 sayar da shi kawai ta hana daga Maris zuwa Yuli. Scotland ta rufe harbinsa daga 1 ga Fabrairu zuwa 30 ga Satumba, kuma a ƙarshen 2025 gwamnati ta bayyana niyyar kawo lokacin hutu a Ingila. Inda abin zai yi ciwo shi ne gabashin ƙasar, inda ake manyan korar zomo a Fabrairu da zarar an rufe fezant, lokacin da mata da yawa ke da ciki ko suna shayarwa. Manoman gwoza da alkama na can suna da hujjarsu ta ɓarnar amfanin gona, kuma dokar 1880 ta ba mai noma fili haƙƙin kashe zomo a gonarsa. A namu filin ba su da yawan da za su yi ɓarna, don haka a takardar da muke raba wa masu harbi da safe an rubuta ba a ɗaga bindiga ga abin da ke gudu a ƙasa, zomo ne ko yanyawa, saboda 'yan kora, masu koro tsuntsaye zuwa ga masu harbi, da karnuka na tafe a cikin masarar.